Wuƙar da Ba a Bari Na Taɓa Ba

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ku ba ni kunnuwanku duka biyu. Ga ta nan tafe gare ku. Amma kada kowa ya gyara zama yana jiran dariya, don wannan ba tatsuniya ba ce. Da idona na gan ta, kuma har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina.

A gidan da aka haife ni, can tsakanin Agye da Gazawa, akwai abu guda da muke faɗi da ɗaga kai: ba a taɓa jan mushe daga turkenmu ba. Dabba takan yi ciwo, takan faɗi, wannan kam ba gidan da ya tsira. Amma kafin ranta ya fita an riske ta, an juya ta alƙibla, an ambaci sunan Allah a kanta, ta zama naman da mutum zai ci ya ba maƙwabci. In kuwa aka yi sakaci ta mutu da kanta, sai a ɗaura mata igiya a ja ta bayan gari, kowa na kallo, mata na leƙe ta kan danga suna tambayar gidan wa. Shi ya sa a zamaninmu namiji ba ya fita daji babu wuƙa a jikinshi. Yana iya manta hula, yana iya manta goran ruwa, amma ba ya manta wuƙa.

Zamani ne da gari yake tashi da ƙarar taɓarya. Kafin rana ta fito ka ji daka daga kowane gida, ka ji guga na gogar bakin rijiya, ka ji maraƙi na kiran uwarshi. A cikin waɗannan ƙararraki akwai wata 'yar ƙarama da na fi sani, wadda ko ina cikin ɗaki nake gane ta: ƙas! Wuƙar babana ke nan in ya buɗe ta. Wuƙar aljihu ce mai ninkewa, ƙotarta ta itace, daga ƙasar waje aka kawo ta. Ku ji ni da kyau, don kada ku ce tsohuwa ta tsani kayan waje. Wuƙar da na fi ƙauna a duniya ta ƙetare ruwa kafin ta zo hannunmu.

Ina nan ranar da ya fara ganinta. Lokacin cinikin gyaɗa ne, raƙuma da jakuna na ta wucewa Maraɗi, ni kuma ina ɗauke da tallan furar innata a kasuwa. Wani ɗan koli ya shimfiɗa kayanshi ƙarƙashin gawo, allura da madubi da zobba, da waɗannan wuƙaƙe guda huɗu ko biyar a jere. Babana ya tsuguna. Bai tambayi kuɗi ba, hannu ya miƙa, ɗan kolin ya ɗora mashi ɗaya. Ya buɗe ta a hankali yana sauraro. Ya hura mata huci a ruwanta, ya tsaya yana duban yadda hucin ke gushewa. Ya ɗora kaifin a kan farcen babban yatsa, ya ga ya kama bai zame ba. Ya kai ta kusa da kunne ya girgiza, ko ƙusar da ta riƙe ta za ta yi motsi. Sannan ya juya ta, ya riƙe ƙotar da yatsa biyu daga gefe, ya buga bayanta a saiwar gawon nan, sau uku, da ƙarfi. Ta farko ta ninke, ya ajiye. Ta biyu ta ninke, ya ajiye. Ta uku ta tsaya cak. Duk da haka bai saya ba ran nan. Kasuwa uku yana dawowa yana maimaita wannan aiki a kan wuƙa ɗaya, har da jiƙaƙƙiyar igiya ya taho da ita daga gida ya yanka. Ɗan kolin bai taɓa ɓata rai ba, sai ma ya matsa mashi wuri a tabarma. Da na tambayi babana a hanyar gida me ya sa yake dukan bayanta alhali ba da baya ake yanka ba, sai ya ce mani kaifi kowane maƙeri na iya sa wa ƙarfe, abin da yake nema shi ne ranar da dabba ta fizge kai, kada wuƙar ta juyo kanshi.

Ranar kuwa ta zo. Wata shekara ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, dawa ta tsaya iya gwiwa tana murɗewa. Ku da ba ku yi kiwo ba, ku sani irin wannan dawa da fari ya buga guba ce ga saniya. Takarkarinmu ya tsinke igiya ya shiga cikinta a gonarmu ta nesa, daga ni sai babana a wurin, na kai mashi ruwa. Kafin mu ankara cikinshi ya kumbura kamar an hura salka, yana numfashi da baki, ƙafafu na rawa. Babana ya ɗura mashi ɗan abin da ke garemu, bai yi ba. Da san nan ya zube, babana bai yi ihu ba, bai yi gudu ba. Ya ce in kama igiyar ƙaho in taka ta da ƙafa biyu, in rufe ido in ina so. Ban rufe ba. Na ji ƙas, na ji bisimilla, na ga san ya fizge kai har ya ɗaga ni sama, wuƙar nan kuwa ba ta ko gezau ba. Aka gama. Babana ya goge ta da yashi, ya ninke ta, sannan ya zauna ƙasa ya rufe fuska da hannun riga, don yana son san nan kamar ɗa. A shekarar yunwar nan gida nawa suka ɗora tukunya da naman nan, ban iya ƙirgawa ba. An yanyana shi an shanya a kan igiya, har kaka muna jefa tsoka ɗaya a miyar kuka.

Babana bai bar ɗa namiji ba. Da ya ji jikinshi ya ƙi, ni ya kira ya sa mani wuƙar a tafin hannu. Da ma tun aurena ya ba ni karsana, kuma jinin karsanar nan bai yanke a turkena ba, uwa ta haifi ɗiya, ɗiya ta haifi ɗiya, har zuwa wata ja mai farin goshi da muke ce wa 'Yar Baba. Wuƙar na ba maigidana, ya riƙe ta tsawon zamanmu, ya wasa ta har ruwanta ya sirance kamar ganyen gero. Ƙotar ta yi baƙi da gumin hannu, ta tsage a gefe, baduku ya naɗe ta da jan fata. Sau biyu ta riski dabba a hannunshi. Da ya rasu, gida ya koma hannun ɗana na fari, wuƙa ma ta bi gida.

To a nan sai na tsaya na gaya maku wani abu da 'yan matan yanzu ke yi wa dariya. Mu a tarbiyyarmu, ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunanshi, ba ka kallonshi ido cikin ido a gaban mutane, ba ka yi mashi faɗa kai tsaye. Tun yana jariri innata ce ta ɗauke shi, ni in zan ba shi nono sai na juya wa ƙofa baya. Ya girma, ya yi gemu, gemun ya fara fari, ban taɓa furta sunanshi ba ko sau ɗaya. In ina da magana da shi, matarshi nake gaya wa, in ce a shaida wa mai gidan nan kaza. In ba kowa, sai in fuskanci bango in yi maganata, shi kuma ya fuskanci ƙofa ya amsa. Ko wuƙar nan a hannun matarshi na aika mashi ita. Haka aka koya mana, haka na riƙe, kuma ina taƙama da shi.

Shekarun baya kaɗan, wata ranar kasuwar Gazawa, na hau amalankenshi na tafi sayen kanwa saboda 'Yar Baba. Na gama sayayyata ina neman inda ya ɗaure jaki, sai na hango shi tsaye cikin maza a gaban wani tebur. Teburin nan cike yake da tocila da kwaɗuna da igiyoyin cajin waya. A sama an rataye wuƙaƙen aljihu, kowace an like ta cikin leda mai tauri, da takarda a bayanta mai zanen kan damisa. Ƙota baƙa, ruwa na sheƙi kamar madubin amarya. Mai kayan wani ne mai sanƙo da zaƙin baki, yana cewa a jirgin ruwa aka kawo su daga can ƙarshen duniya, jiya-jiya suka tsallako iyaka. Ya ciro wayarshi, maza manya suka haɗa kai a kanta kamar kaji a kan tsaba. Na leƙa ta bayansu. Wani hannu ne ake nunawa a cikin wayar, sanye da safa, ba fuska, ba gari, yana sare ƙusa da wuƙa, yana huda gwangwani. Ɗana yana ta gyaɗa kai.

Ba zan iya yi mashi magana ba, sai na yi wa mai kayan.

"Mai kaya, buɗe mani ɗaya in ji bayanta."

"Iya, ai ba a buɗewa. In an yage ledar an saya ke nan."

"Ko gero sai na soka hannu cikin buhu nake awo."

"Wannan ba gero ba ne, Iya. Kamfani ya gwada ta da inji kafin a rufe."

"Kamfanin ya taɓa kayar da sa?"

Mazan suka kwashe da dariya. Wani ya ce a bar Iya, da alama yaƙi za ta tafi. Wani ya ce a ba ta ta yanka kuɓewa. Na ga ƙeyar ɗana ta yi tauri, na san ya ji kunyar a ce uwarshi ce ake wa dariya. Don ya kawar da zancen sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wuƙar babana, wai zai gwada tsawonsu ta bayan leda. A nan ne na ga abin da har in mutu ba zan yafe ba. Mai kayan nan ya ce a ba shi ya gani. Ya buɗe ta, ta ce ƙas. Na ga kunnenshi ya tsaya. Sai ya juya ta kamar mai wasa, ya riƙe ƙotar da yatsa biyu daga gefe, ya ɗan buga bayanta a bakin tebur. Ya san gwajin. Wallahi ya san shi sarai, wani tsoho ya koya mashi kamar yadda aka koya mani. Mutumin da ya hana ni taɓa tashi, ga shi yana gwada tawa. Ya yatsine fuska, ya ce wannan ai ta gama aiki, amma saboda mutunci in an bar mashi ita zai rage wani abu a kan sabuwar.

Na buɗe baki. Sunan ɗana ya zo har kan harshena. Maza sun fi goma a wurin, na duba su, na haɗiye. Na juya wajen wani jaki da ke tsaye na ce, "Wuƙar nan tana da mai ita." Ko ɗana ya ji, ko bai ji ba, Allah ne masani. Irin maganarmu ke nan, mai yi yana iya cewa bai yi ba, mai ji yana iya cewa bai ji ba. Na tsaya ina kallo wuƙar babana ta shiga aljihun wani ƙato da ban san ubanshi ba.

Washegari da ɗana ya tafi masallaci na ce wa matarshi ta ɗauko mani sabuwar. Wani maɓalli gare ta, kana dannawa ta yi tsalle ta buɗe, abin burgewa. Na hura mata huci, ya kwanta a kanta ya ƙi tashi. Na kai ta kunne na girgiza, tana kwaram-kwaram kamar haƙorin tsohuwa. Kaifi kam akwai, ba zan yi mata ƙarya ba, ta kama farce. Na juya ta na buga bayanta a bakin turmi, bugu ɗaya, ba ma da ƙarfi ba, ta ninke. Na buɗe na sake, ta sake ninkewa. Na ce wa surukata ta shaida wa mai gidan nan cewa abin da ya sayo na fere yalo ne, kada ya shiga daji da shi, ya je wurin maƙeri ko da mai kube ce ya samo. Da la'asar ta kawo mani amsa tana sunkuyar da kai. Wai ya ce Inna ta dake ta kamar tana surfe, kuma ba wanda ke yanka da bayan wuƙa. Na sake aikawa, aka sake dawo mani da irin wannan. Maganar da ta bi ta bakin mutum biyu kafin ta isa, zafinta ya huce a hanya.

Aka yi girbi, sai ga wani ruwa na makara ya sauka, gyauron dawa ya tsiro kore shar a gonaki, shi ma guba ne ga saniya. Wani hantsi aka aiko a guje cewa 'Yar Baba ta shiga gyauro a gonarmu ta nesa. Gonar nan dai ta babana da na gada, wadda na taka igiya a cikinta ina yarinya. Na ɗebi kanwa da man gyaɗa, ɗana ya kora amalanke. Muka iske ta tsaye ƙafafu a ware, ciki kamar ganga, ɗan maraƙinta na zagaya ta. Muka ɗura mata, ba ta haɗiye ba. Maƙwabtan gona uku suka taho. Na dube su ɗaya bayan ɗaya na tambaya wa ke da wuƙa. Magidanta uku, a daji, lokacin gyauro. Kowa ya shafa aljihu, abin da ke ciki waya ce.

Ta zube. Aka juya ta alƙibla, biyu suka danne ta, ni na kama igiyar ƙaho na taka da ƙafafuna na tsufa. Ɗana ya durƙusa, ya danna maɓalli, abar ta yi tsallenta mai kyau. Ya yi bisimilla ya ɗora. Fatar wuyan saniya ba gwangwani ba ce. Ya danna, ta fara shiga, jini ya ɓullo, sai 'Yar Baba ta fizge kai yadda kowace dabba ke yi tun da aka halicci dabba. Muƙamuƙinta ya bugi bayan wuƙar. Ta ninke a kan yatsunshi.

A nan na kira sunanshi. Da ƙarfi na kira shi, har tsuntsaye suka tashi daga kan aduwa. Sunan da na riƙe a ciki tun ranar da aka raɗa shi, ya fito ba da izinina ba.

Ya ɗaga hannu yana jini, abar ta faɗi cikin yashi a ninke. Wani ya ɗauka ya buɗe, ƙusar ta karkace, ruwan na lilo. Wani ya hau moto ya nufi gari neman wuƙa. Ni na cire kallabina na ɗaure hannun ɗana, sannan na zauna na ɗora kan saniyata a cinya. Yankan bai kai maƙogwaro ba, ya dai ƙara mata azaba. Tana kallona, ina kallon hanya. Da ƙarar moton ta fara dawowa, idonta ya riga ya kafe. Liman ya zo, ya tsuguna ya duba wuyan, ya yi tambaya biyu, ya miƙe ya ce sai haƙuri. Ba sai ya faɗi sauran ba. Aka ɗaura mata igiya a ƙafa, aka ɗaura a amalankenmu, aka ja ta zuwa kwazazzabo. Hanyar ta bi ta gefen gari. Na ga kawunan mata a kan danga.

Kun san abin da garin ya kwana uku yana zance? Ba saniyar ba. Wai tsohuwa ta kira sunan ɗan fari a gaban maza. Har wata sa'ata ta zo mani jaje tana toshe baki, tana cewa ruɗewa ce, Allah ba zai kama ni ba. Na kore ta. Ni abin da ke cin raina daban ne. Da a kasuwa na kira sunan nan, sau ɗaya, a gaban teburin nan, na ce mashi mayar da wuƙar kakanka aljihu, da ya mayar. Ɗana ba ya ƙetare maganata, maganar ce ban taɓa ba shi a hannu ba. Na adana sunan shekara da shekaru kamar zanen gado, na zo na fitar da shi ranar da ba zai tsare komai ba.

Kasuwa ta zagayo na koma Gazawa ni kaɗai. Na iske mai sanƙo tsugune yana yanka igiyar wani sabon kwali na waɗannan wuƙaƙen. Da me yake yankawa? Jan fatar nan na hango tun daga nesa. Na ajiye mashi karkatacciyar wuƙarshi a tebur, na gaya mashi abin da ta yi. Ya ce ƙaddara ce, kuma ƙila ba a iya riƙe ta ba. Na ce ya ba ni tawa, ko me yake so zan ba shi, har 'yan kunnena na fara cirewa. Ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya dafa aljihun da hannu.

"Iya, wannan ba ta sayarwa ba ce. Irinta ba a samu yanzu."

Gaskiya ɗaya ke nan da na ji daga bakinshi.

Mai sanƙo yanzu an ce ya bar tebur, ya kama shago a Maraɗi, kuma waɗanda suka gan shi sun ce har yau da wuƙar babana yake buɗe kwalayenshi. Maraƙin 'Yar Baba namiji ne, ba mu iya shayar da shi ba, aka kai shi kasuwa, jinin karsanar aurena ya ƙare a nan. Turken na nan, kaji ke hawa. Surukata ta huta da ɗaukar saƙo, ta ce da ma ya ishe ta. Ɗana an ɗinke shi a likita, yatsa biyu ba sa lanƙwasuwa, in ya kama hauya sai ya naɗe hannun da tsumma. Ya je wurin maƙeri da ƙafarshi ya sayo mai kube, kuma kafin ya ɗaura ta a ƙugu, ya kawo mani ya ajiye a gabana. Na gwada ta, ta yi.

Ni kuwa ga ni. Yanzu sunanshi nake kira, gatsal, a tsakar gida, a bakin hanya, a gaban liman, kuma in zan yi mashi faɗa cikin ido nake kallonshi. Tsofaffin garin nan sun ce na lalace. Su ce. Kunyata da saniyata igiya ɗaya ta ja su zuwa kwazazzabo.

Nan ta tsaya. Ku ɗauki wayoyinku.